Waiwaye: Me Ya Nisanta Lauya Da Mutumin Karkara?

A ƙauyukan Ringim ko Rano, idan rikicin gona ko na gado ya taso, mai unguwa ake fara nema, sannan dagaci, in abin ya gagara a tafi gaban alƙali. Lauya shi ne na ƙarshe da ke zuwa a rai, kuma wannan nisa yana da tarihi.

Daga Legas aikin lauya ya shigo Najeriya. Dokar kotun ƙoli ta 1876 ce ta ba waɗanda suka yi karatun shari'a a Birtaniya damar tsayawa gaban kotun Turawa, kuma Sapara Williams ya zama lauyan farko ɗan ƙasa a 1879. Arewa kuwa tana da alƙalanta tun kafin zuwan Turawa. Da Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya ci ƙasar, sai ya bar kotunan sarakuna da na alƙalai suna hukunci da fiƙihun Malikiyya, aka kuma hana lauyoyi tsayawa a cikinsu. Mai ƙara shi ke faɗin bakinsa, ko ya naɗa wakili daga dangi, ya kawo shaidu, in ta kama a yi rantsuwa. Saboda haka a 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, makarantar horar da alƙalai aka buɗe a Kano, da malamai daga Sudan. Sai a 1955 Arewa ta samu lauyanta na farko, Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilorin.

Bayan samun 'yancin kai, dokokin 1962 suka kawo tsarin da ake kai har yau: digiri a jami'a, shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi da aka buɗe a Legas a 1963, sannan a rantsar da mutum a sa sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. Dokar 1975 ta sake fasalin aikin, a shekarar kuma aka fara ba da muƙamin SAN, wato lambar girma ta manyan lauyoyin Najeriya. A Arewa, gwamnatin soja ta soke kotunan sarakuna da dokar 1967, ta kafa kotunan yanki, amma lauya ya ci gaba da tsayawa a waje. Tsarin mulkin 1979, da ya ba wanda ake tuhuma 'yancin ɗaukar lauyan da yake so, shi ya buɗe ƙofar.

Yau lauyoyi na shiga kotunan shari'ar Musulunci na Kano da Jigawa, har ma akwai reshen makarantar lauyoyi a Bagauda, cikin karkarar Kano. Sai dai ofisoshinsu na birni. Manomin da zai ɗauki lauya daga Kano ko Dutse zai biya kuɗin aiki, ya biya na mota duk zaman kotu, a ɗage shari'a ya sake biya. Wani sai ya jinginar da gonar da ake shari'ar a kanta.

Abin da ya fi damuna shi ne hakkokin da doka ta tanada amma ba su isa kunnen mutane ba. Tun 1976 akwai hukumar gwamnatin tarayya da ke ba marasa hali lauya kyauta. Akwai kuma kwamitin ladabtar da lauyoyi, wanda ke da ikon dakatar da lauya ko soke sunansa daga rajista idan ya ci kuɗin wanda ya ɗauke shi ko ya yaudare shi. Ƙorafin a rubuce ake shigar da shi, da Turanci ake gudanar da zaman, galibi kuma a Abuja.