Idan sabuwar cuta ta sauka a Kwangila, me doka ta tanada?

A ƙaddara wani ɗan kasuwa ya dawo daga Legas, ya sauka a Kwangila, a Zariya, da ɗan zazzaɓi. Ya hau keke zuwa Tudun Wada, ya sayi maganin maleriya a kemis, ran Juma'a ya shiga sahu, Asabar ya je ɗaurin aure cikin birni ana ta musafaha. Bai san yana ɗauke da wata sabuwar ƙwayar cuta mai bin numfashi ba. In kowane mai ita zai shafa wa mutum 2 kacal cikin kwana 5 sannan ya daina yaɗa ta, to a zagaye na 10, wato cikin kwana 50, mutum 1,024 ne za su kamu a wannan zagayen kaɗai.

Cutar ƙirƙirarriya ce, amma dokar da za ta hau kanta ta gaske ce. Ita ce Dokar Killacewa ta 1926, tun zamanin Turawa. Ta ambaci cututtuka 5 da suna: kwalara, annobar ɓeraye, shawara, agana da taifus. Tamu ba ta ciki, don haka sai Shugaban Ƙasa ya fitar da sanarwa ya ayyana ta a matsayin cuta mai haɗari da yaɗuwa. Daga nan yana da ikon ayyana wani yanki, ko da Sabon Gari ne ko Samaru, a matsayin inda cutar ta ɓulla, ya kafa ƙa'idojin hana shiga da fita da keɓe masu ita.

In Shugaban Ƙasa bai yi ba, sashe na 8 ya ba gwamna irin wannan iko a jiharsa. Mun ga haka da idonmu a Maris 2020, lokacin da aka kulle Jihar Kaduna saboda korona, kasuwanni suka yi tsit, aka dakatar da jam'i.

Hukuncin wanda ya karya ƙa'ida shi ne tarar naira 200 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyun. Kuɗin nan na wani zamani ne, kuma ba shi ya fi damuna ba. Dokar ta ba da ikon kulle mutum, amma ba ta ce uffan kan abin da mai shayi ko ɗan acaɓa zai ci ba, alhali sai ya fita yake samun na cefane. Wanda yunwa ta kora waje, da cutar zai fita. A ganina wannan giɓi ne da ya wajaba majalisa ta cike.

Kafin a kai ga kulle, akwai hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, wadda dokar 2018 ta ɗora wa sa ido kan cututtuka. Kowace ƙaramar hukuma, har da Zariya da Sabon Gari, tana da jami'in da asibitoci ke kai wa rahoton baƙuwar cuta, sannan a bi sawun waɗanda suka yi cuɗanya da mai ita. Haka aka tare Ebola a 2014, bayan Dakta Stella Adadevoh ta hana majinyacin farko fita daga asibiti a Legas. Ita kanta cutar ta yi ajalinta.

Da ɗan kasuwarmu ya je asibiti ran da ya sauka, direban keke da mutanen gidansa kawai za a nema. Lambar NCDC ita ce 6232, kuma kiran kyauta ne.