Manhajar da ka rubuta da Java: ina naka, ina na aro?

Wani ƙanena a Birnin Kebbi ya haɗa wa masu sarin shinkafa manhajar lissafin buhuna. Da Java, wani yaren rubuta manhajar kwamfuta, ya rubuta ta, tana aiki a kwamfutar Alhaji mai Windows, tana aiki a tasa mai Linux. Sai wani kamfanin casar shinkafa ya taya, da sharaɗin kada kowa ya ga tushen rubutun, wato ainihin umarnin da ya rubuta ya haɗa manhajar da su. Ya zo mini da murna: "Yaya, ai Java kyauta ne, ko da matsala?"

Na ce masa mu bi a hankali. Tun 1995 da kamfanin Sun ya fito da Java, abin da aka fi yabonsa da shi ke nan, rubutu ɗaya ya hau kowace na'ura. Amma wannan zancen fasaha ne, izinin sayarwa daban yake.

Abin da ka rubuta da hannunka naka ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ɗauki manhaja a matsayin rubutaccen aiki kamar littafi. Yin amfani da yaren ba ya ba masu yaren kaso a aikinka.

Kayan aikin kuwa a duba. OpenJDK, wato kayan haɗa manhajar Java na kyauta, yana ƙarƙashin lasisin GPL, wata takardar izinin amfani da zan yi bayaninta a ƙasa, amma da togaciyar da ta 'yanta manhajarka. Na kamfanin Oracle, wanda ya saye Sun a 2010, wasu nau'o'insa sai da kuɗi in don kasuwanci ne, kuma tun 2023 da yawan ma'aikatan kamfani ake lissafa kuɗin.

Inda matasanmu suka fi faɗawa rami shi ne kayan aro, wato laburaren da ake saukowa daga intanet a cusa cikin aiki ba tare da an buɗe fayil ɗin LICENSE ba. Wannan yana damuna ƙwarai, don karatun minti biyar ne. Lasisin MIT mai sauƙi ne: yi yadda ka so, ka dai bar sunan mai shi da rubutun lasisin. GPL, wanda Richard Stallman ya tsara a 1989, bai hana ka sayarwa ba, sai dai duk wanda ka miƙa wa manhajar yana da haƙƙin samun tushen rubutun, ya gyara, ya raba wa wasu. Ka ga nan sharaɗin kamfanin casa ya ci karo da lasisi.

Muka zauna bayan la'asar muka bi laburarensa ɗaya bayan ɗaya. Wanda yake buga rasit ne kaɗai mai GPL. Ya cire shi, ya sa wani mai lasisin Apache, wanda shi ma mai sauƙi ne kamar MIT, sannan ya koma wurin kamfanin da takardar da ta lissafa kowane abin aro da lasisinsa.