Ƙa'idojin Google da Mai Shafin Kasuwanci Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Biya Kuɗin SEO

Google yana da rubutattun ƙa'idoji a kan yadda shafin intanet zai nemi fitowa a sakamakon bincike, kuma sun hau kan duk mai shafi, ya karanta su ko bai karanta ba. A da ana kiran su Webmaster Guidelines, sai a watan Oktoba na 2022 aka sauya musu suna zuwa Google Search Essentials. Ba dokar gwamnati ba ce, babu kotu a ciki, babu tara. Hukuncin shi ne a tura shafinka can baya inda ba mai lekawa, ko a cire shi daga bincike ɗungurungum. Ga wanda ke jiran kwastoma ta intanet, wannan kaɗai ya isa asara.

Abin da ya fi damuna shi ne kan wa hukuncin yake faɗawa. Ba ya faɗawa kan yaron da aka ba aikin SEO, wato gyaran shafi don ya fito a sama a sakamakon bincike. Kan mai shafi yake sauka. Google ya rubuta a fili cewa kai ne ke ɗauke da alhakin abin da duk wani kamfani da ka ɗauka ya aikata da sunan shafinka. Wanda ya yi ɓarnar ya karɓi kuɗinsa ya ƙara gaba, kai kuma an bar ka da gyara.

Don haka idan wani ya ce maka, "Alhaji, ka ba ni wata guda in ɗora ka a lamba ɗaya," ka san ya faɗi abin da ba nasa ba ne. Google da kansa ya ce babu wanda zai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya, kuma ya yi gargaɗi a kan masu cewa suna da wata alaƙa ta musamman da kamfanin. Shiga cikin bincike kyauta ne. Talla dai ana biya, amma ita a gefenta take da alamar cewa talla ce, kuma kuɗin da ka zuba mata ba ya ɗaga shafinka a jerin sakamako na asali. Aikin gaskiya kuwa, a faɗar Google, yakan ɗauki wata 4 zuwa shekara guda kafin a ga amfaninsa.

Inda aka fi zamewa shi ne sayen mahaɗi, wato rubutun nan da ake latsawa a wani shafi ya kawo mutum naka. Tun kafuwar Google yake ɗaukar mahaɗi tamkar shaidar da maƙwabci ke bayarwa a kanka a kasuwa: idan mutanen kirki da yawa suka nuna shagonka, alama ce akwai abin arziki a ciki. Shaidar da aka saya da kuɗi kuwa ta zama ta zur. Shi ya sa ƙa'ida ta hana saye da sayar da mahaɗi don ɗaga matsayi, ko da kuɗi ne, ko da kaya, ko da musayar "ka nuna ni in nuna ka" idan ta yi yawa. Ba a hana ka biyan wata jarida ta tallata ka ba. Sharaɗin kawai a sa wa mahaɗin alamar sponsored ko nofollow a cikin lambobin shafin, don injin binciken Google ya san na kuɗi ne, kada ya ƙirga shi a matsayin yabo.

Kada ka ce ai ƙananan shafuka kawai ake kamawa. A watan Fabrairu na 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda katafaren kantin nan na Amurka, J.C. Penney, yake fitowa a sama saboda ɗimbin mahaɗan da aka dasa masa a shafukan da ba su da wata alaƙa da kayansa. Kantin ya ce bai san da maganar ba, ya sallami kamfanin da ke yi masa aikin, amma hakan bai hana Google turo shi ƙasa ba. A 2006 an cire shafin BMW na Jamus na ɗan lokaci saboda yana nuna wa injin abu daban da abin da yake nuna wa mutane. A Janairun 2012 har shafin Chrome, manhajar buɗe intanet ta Google, an rage masa matsayi na aƙalla kwana 60 kan irin wannan laifi na mahaɗin kuɗi.

Sai kuma cusa kalmomi. Ka buɗe shafin mai sayar da yadi ka tarar a ƙasa an jera: shadda Kano, shadda mai sauƙi Kano, sayen shadda Kano, shadda mai kyau Kano, layi bayan layi, wani lokaci ma da farin rubutu a kan farin fili don kada ido ya gani. Duka biyun an hana. Haka nan ƙirƙirar shafi guda a kwafe shi sau goma, ana sauya sunan gari kawai, Zariya, Katsina, Sakkwato, alhali shagon ɗaya ne. Wurin nan na ɓoye da ake zuba jerin kalmomi a cikin shafi kuwa, wanda ake kira meta keywords, tun Satumban 2009 Google ya sanar cewa ba ya amfani da shi wajen tsara matsayi, amma har yau akwai masu karɓar kuɗi don cika shi.

Rubutun da na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ta yi ba haramun ba ne a kan kansa. Abin da aka hana, kuma aka ƙara tsaurarawa a Maris na 2024, shi ne ambaliyar shafuka marasa amfani da aka yi don yaudarar injin, ko mutum ne ya rubuta ko na'ura. A taswirar Google ma sunan da ke kan allon shagonka za ka sa, ba tare da ƙarin kalmomin talla ba, kuma sayen yabon ƙarya daga mutanen da ba su taɓa sayen kayanka ba laifi ne.

Idan ma'aikacin Google ne ya duba shafinka ya yanke hukunci, za a aiko da sanarwa ta Search Console, wato dandalin Google da mai shafi ke duba halin shafinsa a bincike, wanda shi ma kyauta ne. Sai ka cire abin da ya jawo matsalar, ka rubuta buƙatar a sake dubawa, kana bayanin abin da ka gyara. Wannan ya sa nake roƙon kowane ɗan kasuwa ya buɗe Search Console da adireshin imel nasa na kansa, ya ba ma'aikaci izinin shiga kawai. Kuma kafin kuɗi su fita, ka ce ya rubuto maka abin da zai taɓa a shafin ɗaya bayan ɗaya, da inda kowane mahaɗi zai fito. Idan ya ce sirrin sana'a ne, ka nemi wani.