Wajibban mai ɗaukar ma'aikaci daga ƙasar waje

A ƙasashe da dama, baƙo ba ya samun bizar aiki sai wani kamfani ko mutum ya tsaya masa. Wanda ya tsaya ɗin ya ɗauki nauyi biyu: na hukuma, wadda ta ba shi amanar sa ido, da na ma'aikacin, wanda zamansa a ƙasar ya rataya a wuyan wannan aiki.

Babban wajibi shi ne albashi. A Amurka, kafin kamfani ya nemi bizar H-1B, wadda ake bai wa ƙwararrun ma'aikata baƙi, sai ya yi wa Ma'aikatar Ƙwadago alkawari a rubuce cewa zai biya baƙon abin da ake biyan irinsa a yankin, ko abin da yake biyan sauran ma'aikatansa masu aiki iri ɗaya, duk wanda ya fi yawa. Ko aiki ya yi ƙaranci ya zaunar da shi a gida, albashi ba ya tsayawa. In kuma ya sallame shi kafin wa'adi, kamfanin ne zai biya kuɗin jirgin komawarsa gida. Manufar ita ce kada a mayar da baƙo hanyar karya farashin ƙwadagon 'yan ƙasa.

A Birtaniya an fi ƙarfafa rubuce-rubuce. Kamfani sai ya mallaki lasisi daga Ma'aikatar Cikin Gida, ya ajiye kwafin fasfo da adireshin ma'aikaci, ya kuma kai rahoto cikin kwanakin aiki 10 idan aikinsa ya sauya ko ya bari. Sakaci kan jawo ƙwace lasisi, kuma abin takaicin shi ne ma'aikacin da bai yi laifin komai ba ne ake rage wa izinin zama, yawanci zuwa kwana 60, ya nemi wani kamfanin ko ya tattara.

A ƙasashen Gulf tsarin kafala ya daɗe yana bai wa kafili, wato uban gidan da ya tsaya wa baƙo, iko mai yawa, har ma'aikaci ba ya iya sauya aiki ko barin ƙasa sai da yardarsa. Katar ta soke sharaɗin neman izinin uban gida kafin sauya aiki a 2020, ta kuma sanya mafi ƙarancin albashi na riyal 1,000 a wata, ban da abinci da masauki.

Riƙe fasfon ma'aikaci, da sunan adana masa, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na lissafa shi cikin alamun aikin tilas. Yarjejeniyarta mai lamba 181 ta 1997 ta hana dillalan aiki masu zaman kansu karɓar kuɗi daga hannun ma'aikaci, domin wanda ya ciwo bashi ya biya dillali da wuya ya iya ɗaga murya idan aka danne masa haƙƙi.