Dakta Sheik Umar Khan, likitan Lassa da Ebola ta kashe: tambayoyi da amsoshi

Da hunturu ya kama, aka fara shanya a bakin titi tun daga Katsina har Daura, maganar zazzaɓin Lassa kan dawo bakin ma'aikatan jinya. A irin wannan lokaci ne sunan wani likita ɗan ƙasar Saliyo kan shigo cikin karatun ɗaliban kiwon lafiya, su kuma su zo da tambayoyi. Ga waɗanda aka fi yi.

Wane ne shi, kuma me ya haɗa mu da shi?

An haifi Sheik Umar Khan a 1975 a yankin Lungi na Saliyo, shi ne auta cikin 'ya'ya 10. Ya gama karatun likita a Jami'ar Saliyo a 2001, daga baya ya ƙaro ƙwarewa a asibitin koyarwa na Korle Bu da ke Ghana. A 2005 ya karɓi shugabancin sashen Lassa na asibitin gwamnati da ke Kenema, a gabashin ƙasar.

Kujerar da ya hau ba wadda ake rububi ba ce. Wanda ya riga shi a kujerar, Dakta Aniru Conteh, ya rasu a 2004 bayan allurar da aka yi amfani da ita a jikin wata mai Lassa ta soke shi. Khan ya san haka, ya kuma karɓa.

Abin da ya haɗa mu da shi kuwa cutar ce kanta. Sunanta na garin Lassa ne a Jihar Borno, inda aka fara gane ta a 1969. Ɓeran da ke ɗauke da ita, mai nonuwa da yawa, yana rayuwa a gidaje da rumbuna, a can da nan duka.

To yaya likitan Lassa ya ƙare a hannun Ebola?

Saboda sashensa ne kawai wurin da aka tanada a ƙasar don irin waɗannan zazzaɓi masu sa zubar jini. Da Ebola ta tsallako daga Gini a watan Mayun 2014, ɗakin gwaji na Kenema ne ya tabbatar da mutum na farko. Mafarin abin jana'izar wata mai maganin gargajiya ce a kusa da iyaka, inda mata fiye da 10 suka kamu.

Daga nan marasa lafiya suka yi ta kwarara. Khan ya duba fiye da 100, a ƙasar da likitocinta ba su kai 200 ba ga mutum miliyan 6. Ma'aikatan jinyarsa suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har da shugabarsu, Mbalu Fonnie, unguwarzoma wadda ta daɗe tana jinyar masu Lassa. Kwanaki kaɗan bayan rasuwarta gwaji ya nuna shi ma ya kamu. Aka kai shi cibiyar ƙungiyar likitoci ta MSF a Kailahun, ya rasu a can ranar 29 ga Yuli 2014, yana da shekara 39. Allah ya jiƙansa.

Sakaci ya yi da kayan kariya?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma amsarta ba za ta yi wa kowa daɗi ba. Khan mutum ne mai tsantseni. Yana da wani madubi da yake kira ɗan sandansa, a gabansa yake tsayawa ya jujjuya ya duba ko rigar ta huje kafin ya shiga ɗakin killacewa. Bai kuma ɓoye wa 'yan jarida cewa yana tsoron rasa ransa ba.

Kayan kariya ba laya ba ne. Suna aiki ne idan akwai isassun hannu da isasshen lokaci. A cikin zafi irin namu, mutum ba ya iya wuce minti 45 zuwa awa 1 a cikin cikakkiyar riga: gumi ya cika takalmi, tabarau ya yi hazo, hankali ya fara rabuwa. Idan ma'aikata sun yi kaɗan, sai a zarce lokacin, a fito a gajiye, a cire kaya cikin sauri. Ga kuma haɗarin da ba ya cikin ɗakin killacewa ko kaɗan, wato abokin aikin da ya fara zazzaɓi aka ce maleriya ce, aka taru a kansa ana sa masa ƙarin ruwa ba tare da kariya ba. Kenema ta gamu da ƙarancin ma'aikata da na kaya duka a waɗannan makonni.

Wane mataki ne ya fi haɗari, sawa ko cirewa?

Cirewa. Lokacin sawa kayan tsabtatattu ne, lokacin cirewa bayansu duk ƙwayar cuta ce. Tsarin da aka saba koyarwa shi ne a fara wanke hannu safar tana jiki, a cire rigar roba ta gaba, sai safar waje, sai hular kai da wuya, sai babbar riga a naɗe ta daga ciki zuwa waje, sai tabarau a kamo shi ta igiyar ƙeya, sai takunkumi shi ma ta baya, sai takalmin roba, safar ciki ita ce ƙarshe. Tsakanin kowane mataki a sake wanke hannu. Dole wani ya tsaya gefe yana faɗin matakan da baki, ba ya taɓa komai, aikinsa ido ne kawai.

Inda aka fi yin kuskure wuri uku ne: share gumin fuska da bayan hannu, kamo takunkumi ta gaba, da mayar wa allura murfinta bayan an gama. Na ƙarshen nan al'ada ce da ta ƙi mutuwa a ƙananan asibitocinmu. Allura daga jikin mara lafiya sai cikin kwalin zubar da allurai, ba zango.

Ruwan kulorin da ake ta magana, yaya ake haɗa shi?

Kashi biyu ne, kuma haɗa su wuri guda ɓarna ce. Mai ƙarfi, 0.5 cikin 100, na wanke ƙasa ne da gado da bokitai, da zubawa kan jini ko amai, da jikin gawa. Marar ƙarfi, 0.05 cikin 100, na hannu ne da tufafi.

Idan bilicin kanti ne mai ƙarfin 3.5 cikin 100, kamar JIK, kofi 1 na bilici a kofi 6 na ruwa yana ba da mai ƙarfin. A ɗebi kofi 1 daga wannan a zuba a kofi 9 na ruwa, an sami na hannu. A duba jikin robar tukuna, don ba duka bilici ne ƙarfinsa ɗaya ba. A haɗa sabo kowace safiya, a bokitin roba mai murfi, a ajiye a inuwa, domin rana da zafi suna kashe kulorin, ƙarfe kuma yana tsatsa da shi. A rubuta wa kowane bokiti suna. Wanda ya wanke hannu da mai ƙarfin fatarsa za ta tsattsage, tsagar kuma ƙofa ce.

Gaskiya ne akwai maganin da aka hana shi?

Akwai wani maganin gwaji, ZMapp, da ke ajiye a kusa lokacin yana kwance. Ba a taɓa ba ɗan Adam shi ba sai birai. Likitocin da ke kula da shi sun yi ta shawara, suka yanke kada a ba shi, don tsoron kada maganin ya kashe shi a ce an yi gwaji da babban likitan ƙasa. Shi kansa ba a tambaye shi ba. Kwanaki kaɗan bayan haka aka ba wasu Amurkawa biyu a Laberiya, suka rayu.

Rayuwarsu ba hujja ba ce cewa da ya tsira, domin gwajin da aka yi a Kwango a 2018 da 2019 ya nuna wasu magunguna biyu sun fi ZMapp aiki. Amma a ganinmu rashin tambayarsa kuskure ne. Babu wanda ya fi shi sanin cutar a wannan tanti.

Me ya bari?

Samfuran jinin da shi da abokan aikinsa suka tattara su aka yi amfani da su wajen karanta ƙwayoyin halittar Ebola 99 daga marasa lafiya 78. Binciken ya fito a mujallar Science a watan Agustan 2014, ya nuna cutar daga mutum zuwa mutum take tafiya, ba daga dabbobi take ta sake shigowa ba. Mutum 5 daga cikin marubutan sun rasu kafin a buga shi. Akwai kuma wata ɗabi'arsa da aka fi tunawa: yakan rungume wanda ya warke ranar sallama a gaban jama'a, don dangi su daina gudunsa.

A ƙaramin asibiti a Daura ko Mani, yaushe za a zargi Lassa?

Idan zazzaɓi ya wuce kwana 3 ana ba da maganin maleriya da na kashe ƙwayoyin cuta bai sauka ba. Ciwon maƙogwaro, ciwon ƙirji, amai, kumburin fuska, toshewar kunne, duk suna ƙara zargin. Kada a jira jini, yawancin masu Lassa ba sa zubar da shi, wanda ya fara kuma ya yi nisa. Mai ciki da ta zo da zazzaɓi da ɓari ita ce ta fi sa ma'aikata cikin haɗari, saboda yawan jinin da ake taɓawa.

A tambayi inda mutum ya je cikin kwana 21 da suka wuce, ko ya yi jinyar wani, ko ya yi wankan gawa. Sai a keɓe shi, a rage masu shiga, a rubuta sunan duk wanda ya taɓa shi, a kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ko lambar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, 6232. Maganin ribabirin da ake ba masu Lassa ya fi amfani cikin kwana 6 na farko, ana yinsa ta jijiya tsawon kwana 10. Lassa ba ta da allurar rigakafi da aka amince da ita, don haka waɗanda suka taɓa mara lafiyan za a riƙa auna zafin jikinsu safe da yamma har kwana 21 su cika.