Cinikayyar Jamhuriyar Nijar da ƙasashen waje

Nijar ƙasa ce da ba ta da gaɓar teku, shi ya sa duk abin da za ta saida waje ko ta sawo sai ya ratsa ƙasar wani, ko tashar Kwatano ta Benin, ko Lome ta Togo, ko iyakar Najeriya mai tsawon kusan kilomita 1,500. Shekara da shekaru kuɗin kayan da take sawowa sun fi na waɗanda take saidawa, wato galibi da giɓi. Amma a takarda ke nan, don ragunan da aka koro ta daji daga Kwanni ta Nijar zuwa Illela ta Najeriya da buhunan da ke bisa raƙumi ko babur ba duka ke shiga littafin kwastan ba.

Tarihi

Wanga ciniki ya girmi ƙasar kanta. Tun kafin zuwan Turawa ayarin Buzaye ke ɗauko gishirin Bilma su gangaro ƙasar Hausa su koma da gero da tufafi, fatake kuma na kai fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi har arewacin Afirka, Turawa na can suna ce mata fatar Maroko alhali ba can aka yi ta ba. Da Ingila da Faransa suka shata iyaka, wajen 1898 zuwa 1906, sai ga Kwanni ta faɗa hannun Faransa, Sakkwato hannun Ingila, kasuwa ɗaya ta koma kuɗi iri biyu. Gyaɗa ce kan gaba a kayan da Nijar ke fitarwa lokacin samun 'yanci a 1960, fari na shekarun 1970 ya karya ta, daidai lokacin da aka fara haƙo yuraniyom a Arlit a 1971. Daga nan Faransa ta zama babbar mai sayen yuraniyom ɗin. An karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, dabbobin Nijar suka yi araha ga mai naira a hannu.

Kayan da ake fitarwa

Yuraniyom, zinari, dabbobi, albasa, wake, sai man fetur a baya bayan nan. Matatar Damagaram ta fara aiki a 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a rana, a 2024 kuma aka fara tura ɗanyen man Agadem ta bututu mai kusan kilomita 2,000 zuwa gaɓar Benin, kamfanin CNPC na Chana ne ya shimfiɗa shi. Albasar Galmi sananniya ce har Gana da Kwaddebuwa. Dabbobi kuwa Najeriya ce kasuwarsu, wanda ya taɓa shiga karar Illela ran Lahadi gab da babbar Sallah ya gani da ido, dillalai na lissafi da naira masu dabba na maida shi jaka jaka ta sefa.

Kayan da ake shigowa da su

Shinkafa daga Indiya da Tailan, motoci, injuna, magunguna. Wutar lantarki mai yawa daga Najeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai.

Rufe iyaka

Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019 saboda fasa ƙwaurin shinkafa, Illela na cikin huɗun farko da aka buɗe a Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ECOWAS ta sa takunkumi, aka yanke wuta, tireloli suka yi layi kayan gwari na ruɓewa a ciki, sai Maris 2024 Najeriya ta sake buɗewa. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Rigimar gwamnatin Nijar da kamfanin Orano na Faransa kan ma'adinan Arlit ta kai ga gwamnati ta ƙwace Somair, kamfanin da ke haƙo yuraniyom a Arlit, a 2025, kowane ɓangare na cewa shi aka zalunta.