Mece Ce Ma'anar "Nazarin Sadarwa"?

Idan yaro ya samu gurbi a sashen da ɗalibai ke kira Maskom, abin da ake faɗa a gida shi ne "zai zama ɗan jarida," a shiga zolayarsa cewa an kusa jin muryarsa a rediyo. Ko a labarai ma, sunan da aka fi laƙaba wa wurin shi ne sashen koyar da aikin jarida. Wasu kuma da sun ji an ce sadarwa, sai hankalinsu ya tafi kan MTN da Airtel da dogayen ƙarafunan sabis. Duk ba ƙarya ba ne. Sai dai akwai ma'ana ta uku wadda ba a cika faɗa ba, wato sadarwa a matsayin fannin bincike, mai malamansa da mujallunsa da gardandaminsa.

Kalmar kanta ta rage mana aiki. Sadarwa da saduwa tushensu ɗaya. Muna cewa sada zumunci, muna cewa Allah ya sada mu da alheri. Ɗan aike bai sadar da saƙo ba sai ya haɗa shi da mai shi. Ke nan aikawa daban, sadarwa daban, kuma a tsakaninsu wannan fanni ya kafa bukkarsa. Abin da yake bi shi ne me ke faruwa da magana bayan ta bar bakin mai ita: wa ya ji, yaya ya fahimta, wa ya ƙara mata gishiri, kuma ta sauya wani abu ko ta bi iska.

A Amurka fannin ya tsaya da ƙafafunsa, kuma tsoro ne ya haife shi. Bayan an ga aikin da farfaganda ta yi a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ga rediyo ta shiga gidaje, sai aka ɗauka kafafen watsa labarai kamar allura suke: a tsira wa jama'a saƙo, ya bi jininsu. A 1948 wani masanin siyasa, Harold Lasswell, ya dunƙule aikin cikin tambaya guda mai gaɓa biyar: wa ya ce me, ta wace kafa, ga wa, kuma da wane tasiri? A shekarar ce kuma Claude Shannon, injiniya a ɗakin bincike na kamfanin tarho na Bell, ya fitar da lissafinsa na yadda saƙo ke bin waya, da yadda hayaniya ke gurɓata shi a hanya. Abin dariya, Shannon ya faɗa ƙarara cewa ma'anar saƙo ba ta shafi aikin injiniya ba, amma masu nazarin ma'ana suka ari zanensa suka riƙe, har yau da shi ake fara wa 'yan aji ɗaya darasi. Wanda ya mayar da abin sashe mai zaman kansa shi ne Wilbur Schramm, da ya buɗe karatun digirin digirgir a fannin a Jami'ar Iowa a 1943.

Binciken da ya fi burge ni shi ne wanda ya karya maganar allurar nan. A zaɓen shugaban Amurka na 1940, Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa suka tare a gundumar Erie ta jihar Ohio. Suka ware mutum 600, suna komawa wurinsu wata-wata daga Mayu har Nuwamba, suna tambayarsu wa za su zaɓa da abin da ya sa. Suna zaton za su ga jarida da rediyo na juya mutane kamar waina. Abin da suka tarar, 'yan ƙalilan ne kamfen ya raba da ɗan takararsu. Yawanci sai dai ya ƙara musu ƙarfin abin da dama suke kai. Masu sauya ra'ayi kuwa sukan ce wani ne ya yi musu magana, ɗan'uwa ko abokin aiki. Daga nan aka samo ra'ayin cewa saƙo zango biyu yake yi: daga kafa zuwa masu faɗa a ji, daga su zuwa sauran jama'a.

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi da safe ya san wannan ba tare da ya shiga aji ba. Rediyo na rataye a jikin ƙusa, ana labarai kowa ya yi tsit, mai shayi ma ya rage kaɗa cokali. Ana gamawa sai idanu su koma kan mutum ɗaya, galibi wani tsohon ma'aikaci mai ninkakkiyar jarida a hammata, a ce, "To Malam, me suke nufi?" Abin da ya fassara shi za a kai gida, ba abin da mai karanta labarai ya faɗa ba.

Mun kuma ga abin a babban sikeli. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa, saboda raɗe-raɗin cewa maganin na hana haihuwa. Sanarwa ba ta yi ƙaranci a rediyo ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne yarda da mai maganar. Kano ta koma rigakafin a 2004, kuma aikin bai miƙe sosai ba sai da aka jawo sarakuna da hakimai da masu unguwanni da limamai cikinsa. Reshen da ke nazarin irin wannan shi ake kira sadarwa don ci gaban al'umma.

Kada a ɗauka an wanke kafafen labarai tas. A zaɓen shugaban Amurka na 1968, Maxwell McCombs da Donald Shaw suka tambayi mutum 100 da ba su yanke shawara ba a garin Chapel Hill abin da suke gani ya fi damun ƙasa, suka gwada da abin da jaridu da talabijin suka fi yayatawa. Jerin biyu suka zo kusan daidai. Wato jarida ba lallai ta zaɓa maka ra'ayi ba, amma ita ke jan akalar abin da za a yi hira a kai.

A Najeriya, Jami'ar Nsukka ce ta fara koyar da aikin jarida a 1961, Jami'ar Legas ta biyo a 1966, Jami'ar Bayero ta Kano kuma yanzu tsangaya guda gare ta ta sadarwa. A 2020 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa ta sanar da tsaga Maskom gida bakwai, ciki har da aikin jarida, hulɗa da jama'a, talla, watsa shirye-shirye da fim. Gyara ne mai kyau ta fuskar sana'a, ko da yake ina fargabar kowa zai rungumi kyamararsa a bar bincike maraya.

Shi binciken ba ado gare shi ba. A da za ka ga ɗalibin ajin ƙarshe a laburare, ya baje ɗaurin tsofaffin jaridu mai ƙura, da rula a hannu, yana auna tsawon kowane labarin noma yana rubutawa a jadawali, don ya nuna fili nawa jaridar ta ba manomi, nawa ta ba gwamna. Wani ya raba takardun tambayoyi, wata ta tara matan aure takwas a tsakar gida ta kunna musu shiri ta saurari muhawararsu.

Yanzu rula ta rasa abin aunawa. Labarin da ya fi yawo a unguwa saƙon murya ne na minti uku a WhatsApp, babu sunan mai shi, babu kwanan wata, an turo daga zauren 'yan'uwa zuwa na 'yan kasuwa. Manhajar a kulle take, mai bincike ba ya iya leƙawa ya ƙirga kamar yadda yake yi wa jarida. Dole ya koma bin mutane ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda aka yi a Erie, yana tambaya: wa ya turo maka, kuma me ya sa ka tura gaba?